Wata Biyun da Na Yi Ina Bin Sawun Sunan Edith

Ranar da aka yi wa matata hoton ciki na mako 20 aka ce mana mace ce, ko mota ba mu kai ba ta ce tana da roƙo. Tana so a sa wa yarinyar sunan kakarta, Edith, wadda ta rasu a hunturun da ya gabata. Na ce mata ta ba ni lokaci.

Ba don ina ƙin tsohuwar ba. A duk dangin matata babu wanda ya karɓe ni hannu bibbiyu kamar ta. Lokacin da jikarta ta musulunta, wasu a gidan sun yi tsit na tsawon watanni, ita kuwa ta saƙa mini hular sanyi da hannunta ta aiko. Da azumi, tana duba lokacin faɗuwar rana a jarida, ta jira minti goma, sannan ta bugo waya ta tambaya ko na sha ruwa. A bazarar Ingila ana kai wa tara na dare da azumi a baki, ita kuma mai kwanciyar wuri ce, amma sai ta jira. Mutum irin wannan ba a jin nauyin yi masa takwara.

Abin da ya tsayar da ni tambaya ɗaya ce da na yi a cikin motar: me sunan yake nufi? Matata ta ce ba ta sani ba. Da daddare ta tambayi mahaifiyarta, ita ma ta ce suna ne kawai, sunan mama. Ni kuma a Zariya na tashi, inda suna yake magana. Ka ji Tanko, ka san mata ne a gabansa. Ka ji Delu ko Kande, ka san maza ta biyo. Gambo ya bi 'yan biyu, Talatu da Laraba da Asabe ranar haihuwarsu suke ɗauke da ita, Azumi kuma ba sai an tambaya ba. Ko sunayen Larabci ne, da wuya ka sami uban da bai san wace Sahabiya ko wace matar Annabi ya nufa ba. Tun muna yara ake gaya mana suna linzami ne. Ban ga yadda zan ɗaura wa 'yata linzamin da ban san da me aka saƙa shi ba, kuma na san tambayar farko da Baba zai yi mini ke nan.

Da waya na fara, kamar kowa. Shafukan sunayen jarirai sun fi a ƙirga, kuma cikin awa ɗaya na tara ma'anoni uku da ba sa ga maciji da juna. Wani ya ce "mai nasara a yaƙi", wani ya ce "kyauta mai daraja", wani ya ce "farin ciki". Babu wanda ya faɗi inda ya samo. Da na lura da kyau sai na ga kwafar juna suke yi, har kuskuren rubutu iri ɗaya na gani a shafuka uku. Daga nan na yanke wa kaina doka: duk wanda bai nuna mini yadda ake rubuta sunan a dā ba, ban ɗauki maganarsa ba.

Ranar Asabar na tafi babban ɗakin karatu na Norwich, birnin da ke gabashin Ingila, wanda ke cikin ginin Forum a tsakiyar gari. Na gaya wa ma'aikaciyar abin da nake nema, ta kai ni sashen littattafan da ba a ba da aro, ta ciro mini ƙamus na sunaye da wani ƙamus na tsohon Ingilishi, harshen da ake yi a ƙasar kafin 1066. A nan na fara ganin fuskar sunan ta asali: Eadgyth. Kalmomi biyu ne aka haɗe. Ta farko, ead, ita ce wadata da sa'a da albarka. Na daɗe ina kallon bayaninta, domin kalmar Hausa da ta zo mini ita ce arziki, kuma ta zauna daram. Arziki a wurinmu bai tsaya a kuɗi ba. Muna cewa ɗan arziki, abin arziki, zaman arziki. Haka ead take. Ita ce a farkon Edward, mai gadin arziki, da Edmund, mai kare arziki, da Edwin, abokin arziki. Da tafiya ta yi nisa harshe ya lashe harafin g na tsakiya, wasalin farko ya koma i mai tsawo, shi ya sa yau ake rubuta E amma ake furta I.

Kalma ta biyu ce ta sa gabana ya faɗi. Gyth daga tsohuwar kalmar yaƙi ta fito, irin wadda aka fi samu a waƙoƙin jarumta. Arziki da yaƙi ke nan. A shafin da ke kusa kuma na gano inda masu cewa "kyauta" suka yi tuntuɓe. Akwai wani suna daban, Eadgifu, shi ne ƙarshensa ke nufin kyauta. Sun yi kama a ido, sai aka ɗora wa wannan kayan wancan. Da na so, da na ɗauki wannan fassarar na kai wa Baba, kowa ya huta. Amma na riga na gani da idona.

Na kira shi bayan la'asar ɗinsu. Baba tsohon malamin makaranta ne, kuma ya yi karatun zaure mai zurfi. Bayan gaisuwa da tambayar mai jiki, na zayyana masa komai, ban rage ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka san hadisin da aka ce mafi munin sunaye Harbu da Murratu?" Na ce na sani, Baba, shi ya sa na kira. Harbu dai shi ne yaƙi.

Ya ce, "To tsaya. Su masu harshen, in an kira sunan, yaƙi suke ji a kunnensu?"

Na ce a'a, ko uwar matata ba ta san akwai yaƙi a ciki ba.

Ya ce, "Balarabe in ya ji Harbu, yaƙi ya ji tsirara. Ba ɗaya ba ne. Amma kada ka yi gaggawa. Abu uku ake dubawa. Ko akwai bautar wanin Allah a ciki, ko ma'anarsa abin ƙi ce, sannan su waye aka sani da shi. Na farko ka ce babu. Na biyu ka kawo rabi. Na uku ba ka kawo komai ba. Je ka dawo."

Haka na koma ɗakin karatu Asabar uku a jere, kuma a nan aikin ya fara yi mini daɗi.

Abin da na fara fahimta shi ne mutanen wancan zamani ba sa karanta sunayensu kamar jimla. Suna da taskar kalmomi masu daraja: arziki, sarauta, ƙarfi, kariya, zaman lafiya, yaƙi, kyarkeci, mashi. Sai a ɗauko biyu a haɗa. Har akwai sunayen da suka haɗa yaƙi da zaman lafiya wuri guda, abin da ba zai yiwu ba in da ma'anar jimla ake nema. Kuma sa wa 'ya mace kalmar yaƙi ba baƙon abu ba ne a wurinsu, sunan Hilda ma yaƙi yake nufi. Muhimmin abu shi ne kalmar farko, domin ita ce alamar gida. Dubi 'ya'yan Sarki Edward, ɗan Sarki Alfred: Edwin, Edmund, Eadred, Eadgifu, Eadhild, Eadburh, Eadgyth. Jikokinsa kuma Eadwig da Edgar. Ead ce ke bin su ɗaya bayan ɗaya. Da na jera su a takarda sai na tuna tsagar gado. Kakata tana da ita a kumatu, kuma duk wanda ya san zane, da ya kalle ta ya san daga inda ta fito. Su a suna suke tsaga tasu. Aikin sunan tun asali shi ne ya ce wannan yarinya ta gidan nan ce, wanda shi ne daidai abin da matata ta roƙa a bakin mota.

Daga cikin matan da suka ɗauki sunan, wadda ta fi zauna mini a rai ita ce Eadgyth ɗin nan 'yar Sarki Edward. A 929 ɗan'uwanta Sarki Athelstan ya tura ta Jamus tare da wata ƙanwarta, domin Otto, ɗan sarkin can, ya zaɓi ɗaya ya aura. Ita ya zaɓa. Ta zama sarauniya a ƙasar da ba tata ba, ta haihu a can, ta rasu a 946, aka binne ta a Magdeburg. A 2008 masu tono suka buɗe wani kabarin dutse a babbar majami'ar garin, wanda aka daɗe ana zaton babu kowa a ciki, sai ga akwatin darma ɗauke da sunanta da ƙasusuwa a naɗe cikin siliki. Aka kai samfurin haƙoranta Jami'ar Bristol. Haƙori yana ajiye alamar ruwan da mutum ya sha yana yaro, kuma gwajin ya nuna mai haƙoran ta tashi ne a ƙasar alli ta kudancin Ingila. A 2010 aka tabbatar ita ce, aka sake binne ta. Na karanta wannan sau biyu. Shekara fiye da dubu a baƙuwar ƙasa, amma ruwan garinsu yana nan a bakinta. Duk wanda ya bar gida ya yi aure a nesa zai gane abin da ya sa na rufe littafin na ɗan zauna.

Akwai kuma Edith ta Wilton, 'yar Sarki Edgar, wadda ta tashi a gidan mata masu ibada kusa da Salisbury, ta rasu tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai wajen 984. Kiristocin ƙasar suka ɗauke ta waliyya, suna tunawa da ita ranar 16 ga Satumba. Sai Edith 'yar Godwin, matar wani Sarki Edward ɗin, na ƙarshe kafin zuwan Normandawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, 'yar'uwar Harold wanda aka kashe a yaƙin Hastings a 1066. Ita ta rayu har 1075, tana kallon ƙasar ta sauya hannu.

Sauyin hannun nan shi ne ya kusa kashe sunan. Da Normandawa suka ci Ingila, fada ta koma Faransanci, sunayen masu mulki suka zama abin yayi: William, Robert, Richard, Henry, Matilda, Alice. Talaka yana so ɗansa ya shiga mutane, sai ya sa masa sunan mai gari. Cikin ƙarni biyu yawancin tsofaffin sunayen suka shuɗe. Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na 'yar Sarki Malcolm na Scotland. Sunanta na yanka Edith, jinin tsohuwar sarautar Ingila ce ta wajen uwa, kuma wannan jinin ne ya sa Sarki Henry na ɗaya ya aure ta a 1100. Da ta shiga fada, da Matilda aka san ta. Na san 'yan'uwanmu a nan da suka gajarta sunayensu ko suka ari wani don takardar neman aiki ta wuce, kuma ban taɓa zaton sarauniya ta sha irin wannan ba. Sunaye ƙalilan ne suka tsira, kuma galibi waɗanda ake danganta su da waliyyai ne: Edward, Edmund, Edith. Daga baya shi ma Edith ya yi ƙaranci na ƙarnoni, sai a ƙarni na 19, zamanin Sarauniya Victoria, lokacin da Ingilishi suka shiga ɗokin tarihin kakanninsu, aka tono shi tare da su Alfred da Edgar da Ethel da Mildred.

Duk wannan tarihin suna ne. Tarihin mai sunan tamu a gidan surukata na same shi. Na je wata Lahadi na ce, "Mama, wa ya zaɓa wa kaka sunanta?" Ta hau bene ta sauko da tsohon gwangwanin biskit. A ciki akwai takardar haihuwar tsohuwar ta 1931, an rubuta da hannu da baƙar tawada, layin naɗin ya kusa tsagewa. A gurbin sana'ar uba an sa ma'aikacin gona. Surukata ta ce kakanta ya yi yaƙin duniya na farko, ya dawo da rauni a ƙafa, kuma yana cikin taron da ya tsaya a bakin titi a 1919 ranar da aka kawo gawar Edith Cavell Norwich. Tun daga ranar ya ce in Allah ya ba shi 'ya mace, sunanta ke nan. Maza uku ya fara samu. A wurinmu da Delu za a kira ta.

Edith Cavell ma'aikaciyar jinya ce, an haife ta a 1865 a Swardeston, ƙauyen da ke kudu da Norwich kaɗan, inda mahaifinta yake limamin coci. Tana shugabantar makarantar koyon jinya a Brussels lokacin da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1914. Ta yi jinyar sojojin kowane ɓangare ba tare da ta tambayi tutarsu ba, ta kuma taimaki sojojin ƙawance kusan 200 suka tsere. Aka kama ta, ba ta musa ba, aka harbe ta da asubahin 12 ga Oktoba 1915. A daren ƙarshe ta gaya wa limamin da ya ziyarce ta cewa kishin ƙasa kaɗai bai isa ba, dole ta kasance ba ta riƙe kowa da ƙiyayya ko ɗaci ba. An sassaƙa maganar a gindin mutum-mutuminta a Landan. Na sha wuce nata na Norwich da ke Tombland ban taɓa tsayawa ba. Ranar nan da na baro gidan surukata na zaga bayan babbar majami'ar inda kabarinta yake, na tsaya na karanta abin da aka rubuta. Ga yaƙin da ke cikin sunan, amma wadda ta sa aka ba tsohuwarmu shi ɗaure rauni ta yi a cikinsa.

Saura batun yawan masu sunan, domin matata tana da nata tsoron. Ta ce lokacin da take makaranta Edith sunan tsofaffi ne, da an sami yarinya mai shi da ta sha tsokana. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ONS, tana fitar da jerin sunayen jariran Ingila da Wales kowace shekara tun 1996, kuma tana da tsohon jeri na sunaye 100 na farko, shekara goma-goma, daga 1904. Kowa zai iya sauke su kyauta. Na buɗe a kwamfuta muka zauna tare. A 1904 Edith ne na huɗu a sunayen mata, bayan Mary da Florence da Doris. Daga nan ya riƙa gangarowa har ya fice daga ɗarin gaba ɗaya, ya yi shekaru da dama a waje. A 2017 ya dawo. A shekarar ce kuma Sarah, wato Saratu, ya faɗo daga jerin karo na farko tun 1904. Florence da Ivy da Elsie da Arthur duk sun dawo da ƙarfinsu, kuma duk sa'o'in Edith ne.

Dalilin, a ganina, ba ɓoyayye ba ne. Sunan tsarar mahaifiyarka ya gundure ka, sunan tsarar kakarka yana kama maka da tsufa, amma wanda ya haura nan babu fuskar kowa a jikinsa, sai ya dawo sabo. Kusan shekara ɗari ke nan zagayen yake ɗauka. Wannan ya sa na yi tunanin namu. Yau wa yake kiran 'yarsa Tabawa ko Lantana ko Dije? Su Hanan da Afnan da Amal sun cika gidajen suna, sunaye ne masu kyau, ban ce ba. Amma ina jin ciwon yadda muke jin kunyar na kakanninmu, kuma ina fatan tamu shekara ɗarin ba za ta cika bayan an manta ma'anarsu ba.

Abu biyu na lura da su a jerin, ga mai son dubawa. Kowane salon rubutu daban ake ƙirga shi, don haka Muhammad da Mohammed da Mohammad layi uku ne. Duk da haka Muhammad shi kaɗai ya zo na ɗaya a sunayen maza a 2023, da jarirai fiye da 4,600. Na biyu, sunan da iyaye suka sa a farko kawai ake ƙirgawa.

Na sake kiran Baba na ba shi rahoto kamar ɗalibi a gaban malami. Ban ɓoye masa batun waliyyar Wilton ba, na ce da alama darajarta a wurin Kiristoci tana cikin abin da ya raya sunan. Ya tambaya ko sunan ya girme ta. Na ce ƙwarai, ita ma gadonsa ta yi. Na ba shi labarin ma'aikaciyar jinyar, na ba shi labarin wayar shan ruwa, wanda ban taɓa gaya masa ba. Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke.

Sai ya ce, "Matar da ta jira ka sha ruwa alhali ba addininta ba ne, ba a raina alherinta. Ga yadda za a yi. Sunan yanka na mahaifiyarka ne, 'yar fari ce, haƙƙinta ne. Wannan ya biyo baya. Ka gaya wa matarka na gode da ta nemi shawara."

Da na gaya mata, kuka ta yi. Ni ma sai da na fita tsakar gida na ɗan sha iska.

An haife ta a watan Fabrairu, da asuba. Ungozomar ta miƙo mini ita a naɗe, na juya baya ga na'urorin, na yi mata kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu, na raɗa mata sunayen biyu. Na tauna dabinon da na ajiye a aljihu tun dare na shafa mata a dasashi. A nan doka ba ta bari mutum ya yi yanka irin na addini a gida, don haka kuɗin rago na tura Zariya. Ran bakwai da hantsi ƙanena ya riƙe waya a ƙofar gida, muna kallo daga falo. Tabarmi a shimfiɗe, ana raba goro da dabino, liman ya yi addu'a ya faɗi sunan yanka, maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita. Da aka zo na biyun, maroƙin ya ce "Idis", wani daga gefe ya gyara masa ya ce "Edit". Harshenmu ba shi da sautin ƙarshen nan da ake sa harshe tsakanin haƙora, kuma ban ga laifin kowa ba. Mu kuma a nan na yi mata aski da kaina, a hankali, da hannu yana rawa, muka auna gashin muka ba da sadakar kimarsa. Bayan azahar abokai daga masallacin Ihsan suka zo, matar wani ɗan Kano ta soya waina, surukata ta kawo kek.

A wajen sunan ne surukata ta ɗauki jaririyar ta kira ta da gajeren sunan da suke kiran tsohuwar da shi, Edie. A kunne, Idi ne sak. Gwaggo tana kan waya ta ji, ta ce, "Kai, Idi kuma? Ai sunan maza ne!" Na yi mata bayani, ta ce ita dai ba za ta kira mace Idi ba, za ta san abin yi.

Aikin ƙarshe shi ne rajista. A Ingila da Wales kwana 42 doka ta bayar daga ranar haihuwa. A intanet na kama lokaci, aka ba mu rana ta 19. Da yake an ɗaura aurenmu a masallaci an kuma yi na hukuma, ɗayanmu ma ya isa ya je shi kaɗai. Waɗanda aurensu na masallaci ne kawai a nan, ba tare da rajistar hukuma ba, doka ba ta lissafa su ma'aurata, galibi sai sun je tare kafin a sa sunan uba, kuma na ga wannan ya ba wasu 'yan'uwa mamaki. Mun tafi mu uku, da fasfo ɗinmu da takardar aure da jan littafin lafiyar jariri. Ma'aikaciyar ta tambayi rana da wurin haihuwa, sunayenmu, sana'o'inmu, inda aka haife mu, da sunan gidan su matata kafin aure.

Da aka zo sunan yarinya, ta ce in faɗa mata harafi-harafi. Sunan mahaifiyata yana da alamar hamza a tsakiya, ta tambaya ko a sa, na ce a sa, domin in an cire ta sunan ya gurgunce. Ta kuma ja hankalinmu kan jeri: wanda aka sa a farko shi likita da makaranta za su riƙa kira. Mun riga mun gama wannan magana a gida. Ta ce akwai damar sauya sunan farko cikin wata 12 in mun sake tunani, amma da kuɗi, haka ma gyaran kuskure bayan an sa hannu. Ta buga shafin ta juyo mana shi, ta ce mu karanta a tsanake. Na bi kowane harafi da yatsa sau biyu. Sannan ta miƙo alƙalami mai tawada ta musamman wadda ba ta kodewa, na sa hannu. Mun sayi kwafi biyu na cikakkiyar takardar, kowanne fam 12 da rabi, domin ita ake nema wajen fasfo. Da ma'aikaciyar ta ga suna na biyu ta yi murmushi ta ce sunan kakarta ne ita ma.

Tunda a na biyu yake, 'yata ba za ta shiga lissafin masu suna Edith na shekararta ba. A Zariya kuma babu mai iya kiran sunan yankanta a gaban Hajiya, don haka Ummi ake ce mata, ni ma haka nake kiran ta. Dangin uwarta suna nan a kan Edie. Na zauna na rubuta duk abin da na samo a shafi biyu, da Hausa, tun daga ead har zuwa kabarin da ke bayan majami'a, matata ta rubuta nata da Ingilishi, muka naɗe su tare da kwafi ɗaya na takardar haihuwar muka kai gidan surukata. Ta sa su a gwangwanin biskit, a kan ta 1931.

Bayan wata biyu wani da ya dawo daga gida ya kawo mana ƙullin kaya daga Gwaggo: 'yan kunne, tozali, da turmin atamfa na mai jego. A jikin ledar an manna takarda, jikanta ya rubuta mata da biro: "Kayan Idiya."